Na samu 6 bisa 20 a aljabra alhali amsoshina daidai suke, haka ake yi ko'ina?

Ɗan Tibiri

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ina shekarar farko ta lisans, ɓangaren lissafi, nan Maradi, da bak D na shigo. Ranar da muka fara darasin aljabra, mushe ya raba mana takarda guda mai ɗauke da ƙa'idodinshi. Dabuwar biyu na cikin samestir su ne kashi 40 cikin 100, babbar jarrabawa kashi 60. Ba kalkilatiris, ba salula bisa tebur. Wanda ya makara da minti 15 ba ya shiga. Wanda ya yi fashin TD, wato zaman yin atisaye a aji, sau uku ba takardar uzuri, makin dabuwar ɗinshi ya tafi. Can ƙasa ya ja layi ƙarƙashin magana ɗaya: amsar da ba ta da hujja sifiri ce.

Jiya aka maido mana dabuwar na farko, 6 bisa 20 na samu, ni da lissafi ne ƙarfina a lise. Abin da ya fi ci mini rai, da ya yi gyara a allo na ga amsoshina da yawa su ne nashi. Misali an ba mu f(x) = 2x + 3 daga Z zuwa Z (Z su ne cikakkun lambobi, irin −2, 0, 5), aka ce shin kowace lamba ta Z ana iya samunta ta wannan hanya? Na rubuta a'a. A'a ɗin ce amsa. Ya ba ni 0 bisa 3, ya rubuta da jan bik: saboda mi? Don Allah haka ake yi ko'ina, ko namu ne mai tsanani? Kuma da 6 ɗin nan akwai sauran fatan cin darasin? Baba gero ya saida ya yi mini rajista, ba ni son in je mishi da labarin maimaita aji.

Yayanku na Bagalam

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ɗauko bik mu yi lissafi. In ka samu 11 a dabuwar na biyu, tsakaicin biyun 8.5 ke nan, kashi 40 ɗinshi 3.4. Saura 6.6 ka kai 10, wato 11 kake nema a babbar jarrabawa. Ko da 6 ka sake samu, 13 a jarrabawa ta fidda ka. In ma hakan bai samu ba akwai ratarafaj, wato jarrabawar zagaye na biyu.

Ina shekara ta uku yanzu, abin da nake so ka riƙe shi ne tsarin kiredi, wato nauyin da ake ba kowane darasi, wanda kake samu in ka ci shi. Kowane samestir 30, samestir shida, 180 ke ba ka lisans. Aljabra na cikin darussa masu nauyi, kuma bashinta bin mutum yake, domin aljabrar samestir na biyu, su matiris da sauransu, bisa ta farko take zaune. Ka je sikolarite, ofishin rajistar ɗalibai, ka karanta dokar jarrabawa da idonka, musamman wurin da ya yi bayanin yadda makin wani darasi ke rufe gibin wani, kar ka tsaya ga jita-jitar bakin anfi.

Malamin lissafi, unguwar Zariya

Ɗana, na karanta saƙonka har ƙarshe, kuma ina bayan mushenku a kan sifirin nan, ko da na san yana da zafi. Ni a lise nake koyarwa, irinku nake sallamawa kowace shekara, shi ya sa maganar ta shafe ni.

Tambayar da aka yi muku amsarta i ce ko a'a. Yaron da bai taɓa buɗe kaye ba, in ya rufe ido ya zaɓa, rabi da rabi ne ya dace. To da mi malami zai bambanta ka da shi? Ba ya ganin cikin kanka, takarda kawai ke gabanshi. Abin da ake so bai wuce layi uku ba: 2x tana rabuwa biyu daidai, in ka ƙara mata 3 ba ta rabuwa, saboda haka 4 ba za ta taɓa fitowa ba. Maki ukun na waɗannan layukan ne. Kuma ka lura, da daga R zuwa R aka ce (R ta ƙunshi har lambobin da ba cikakku ba, irin 1/2), amsar juyewa take ta zama i, domin kowace y tana da x = (y − 3)/2. Ƙa'ida ɗaya, amsa biyu. Wanda ya rubuta a'a tsurarta bai nuna ya ga wannan bambancin ba, alhali shi ne dukan darasin.

A taminal muna horar da ku bisa saurin lissafi saboda bak ke gabanmu, shirin shekara na da yawa, lokaci kaɗan. A jami'a aikin ya sake. Watannin farko kusan ba lissafin lambobi, sai ma'anar kalmomi, da "ga kowane", da "akwai aƙalla ɗaya", da yadda ake kore magana da misali guda. Shi ya sa hana kalkilatiris bai rage ku da komi ba, babu abin da za ta latsa muku a nan.

Akwai abin da nake nuna wa ɗalibaina duk shekara. Ɗauki n² + n + 41. Sa 0, ka samu 41. Sa 1, 43. Sa 2, 47. Duk lambobi ne da ba su rabuwa sai da 1 da kansu. Ci gaba har 39, ba wadda za ta saɓa, Euler ne ya lura da haka tun 1772. Mai gwaji da kalkilatiris zai rantse haka abin yake har abada. Sa 40: 1681, wato 41 sau 41. Gwaji arba'in sun yi daidai, maganar kuma ba gaskiya ba ce. Wanda zai riƙe aji gobe, ko ya rubuta wa banki manhaja, dole a raba shi da wannan ɗabi'a tun shekarar farko.

Shawarata: ka ɗauki takardarka ka je wurinshi a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai. Kar ka je roƙon maki, ka ce ya nuna maka yadda yake son a rubuta tambaya ɗaya daga farko har ƙarshe. Sannan kowace takardar TD ka gwada ta a gida kafin ranar, ko da rabi ka iya. Kwafe gyara daga allo yana sa mutum ya ji kamar ya gane, ranar jarrabawa farar takarda ke faɗa mishi gaskiya. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ya tashi da alli, sauran kowane layi su ce mishi saboda mi.

Ƴar Ali Ɗan Sofo

Malam, a kan hujja ban da ja. Amma ƙa'idar minti 15 ban yarda da ita ba yadda ake yinta. Wanda ke kwana kusa da makaranta da wanda ke tasowa daga Tibiri da sanyin safiyar Janairu yana jiran mota ta cika ba ɗaya ba ne. Mu mata kuma da yawa sai mun gama aikin gida muke fita, ga kuɗin kabu-kabu kullum. A hana mutum shiga, a rubuta mishi fashi, sau uku makin da ya sha wuya a kai ya tafi. Hukuncin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba.

Mu a ajinmu delege muka tura, da ladabi, da sunayen masu zuwa daga nesa a rubuce. Malamar ta amince mai makara ya shigo ta ƙofar baya shiru, a rubuta mishi makara maimakon fashi. Ɗan Tibiri, ku gwada haka tun yanzu, kafin wani ya cika uku. In kuma rashin lafiya ce, ka karɓi takardar likita ranar, ka yi hotokofi, ka ba da ɗaya ka ajiye ɗaya.

Ɗan Tibiri

Allah ya saka muku da alheri. Yaya, lissafinka ya sa na yi barci jiya. Anti, na yi wa delege magana, mu bakwai ne masu zuwa daga wajen gari. Malam, ga yadda na sake rubutawa: a ce 2x + 3 = 4, to 2x = 1, x = 1/2, saboda haka ba a samun 4. Ya yi?

Malamin lissafi, unguwar Zariya

Saura kaɗan, ɗana. Da ni ke gyara 2 bisa 3 zan ba ka. Ka fara da cewa x tana cikin Z, ka rufe da cewa 1/2 ba ta cikin Z, daga nan ne saɓanin ya fito. Yanzu ɗauki wata tambaya a kan wannan f ɗin: ka nuna in f(a) = f(b) to a = b, ka turo nan kafin Juma'a in duba.