Zazzaɓin cizon sauro na dawowa bayan an sha magani

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara a Jigawa, kuma a daminar bana yara da dama da muka ba maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna artemether-lumefantrine sun dawo da zazzaɓi kafin wata ya cika, alhali iyayensu sun tabbatar an shanye maganin na kwana 3. Na kuma ga sauro yana zaune lafiya lau a kan gidan sauron da aka raba bara. Hankalina ya tashi, domin haka chloroquine ya daina aiki har Najeriya ta sauya shi a 2005. Don Allah, ta yaya zan bambance sabon cizo, jabun magani da bijirewar ƙwayar cutar? Shin gidan sauro mai PBO (sinadarin da ke ƙara wa maganin sauro ƙarfi) zai kashe sauron da ya daina jin pyrethroid, wato maganin ƙwarin da ake sa wa gidan sauro?