Wace kalma za mu ba "civility"? Ni dai na tsaya a kan dattako

Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, kuma zan faɗi inda na tsaya domin ku samu abin warwarewa.

Shekaranjiya aka ɗora mini aikin mayar da ƙa'idojin zauren WhatsApp na unguwarmu zuwa Hausa, don wanda ya tsara su da Turanci ya rubuta. Duk sun tafi sumul sai ta huɗu, wadda ta ce a riƙa muhawarar siyasa da "civility". Na rubuta ladabi, na goge. Na rubuta kara, na goge. Har aka kira la'asar ina kan layin nan.

Ba haka kawai aka kafa ƙa'idar ba. Duk wanda ke Kano ya san abin da zaurukanmu suka gani. A Maris 2023 aka ce Abba Kabir Yusuf ya ci zaɓe. A Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta karɓe ta ba Nasiru Gawuna, a Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, ran 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba kujerarsa. Ba a gama hucewa ba, a Mayun 2024 majalisar dokoki ta soke dokar masarautu biyar, aka dawo da Muhammadu Sanusi II wanda aka cire a Maris 2020, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa. Duk juyin da aka yi, wanda ya sha zagi jiya shi ke ramawa yau, har da riba.

A daren hukuncin Kotun Ƙoli, ranar Juma'a ce, ƙanina ya shiga zaure da murna. Murna ba laifi ba ce. Amma sai ya kama wani maƙwabcinmu da ke ɗaya ɓangaren, mutumin da ya kama makarar mahaifinmu, ya ɗura masa ashar har da ambaton uwa. Zauren ya yi tsit. Can sai ga saƙon murya daga Kawu, bai fi daƙiƙa ashirin ba: "Kai ɗan nan, jar hularka taka ce, ba mai cire maka ita. Ka faɗi duk abin da ka ga dama a kan gwaninsa. Amma mahaifiyar Malam ba ta tsaya takara ba. Goge." Ya goge, ya rubuta, "Kawu, a yi haƙuri."

Abin da Kawu ya nema a daren nan, shi nake nema wa suna. Ku lura, bai ce ya yi shiru ba.

Ladabi shi ne ya fara zuwa bakin kowa, kuma shi na fi tsoro. Ladabi hawa yake yi, ba ya gangarowa: yaro ga babba, almajiri ga malami, talaka ga sarki. Kun taɓa jin an ce gwamna ya yi wa talaka rashin ladabi? Daga cikinsa ne ma muka samu ladabtarwa, wato horo. A ƙarshen 2022, lokacin da aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa, abin da masu kare kamun suka yi ta maimaitawa ke nan, yaro ba shi da ladabi. Ban ce rubutun nasa ya yi kyau ba. Ina cewa kalmar tana da sanda a hannu, kuma kullum mai mulki ke riƙe da ita. In na sa ta a ƙa'ida, gobe wani zai ce wa mai tambayar ina kuɗin gyaran magudanar ruwa ya yi ladabi. Ɗa'a ma gidansu ɗaya, biyayya ce.

Kara da kawaici da alkunya kuwa kyawawan halaye ne, amma na cikin gida da surukuta. Kawaici shi ne ka gani ka kau da kai. Mutumin da kuɗin motarsa ya ninka bayan cire tallafin mai a ran 29 ga Mayu 2023, ba kawaici ake nema daga gare shi ba. Ya yi magana, da ƙarfi ma.

Wani ɗan uwa ya kawo wayewa, ya ce asalin kalmar "civility" a Latin daga ɗan birni ta fito. Gaskiya ne. Sai dai kishiyar wayewa a bakinmu ƙauyanci ce, kuma "ɗan ƙauye" da "bagidaje" suna cikin zagin da muke son kashewa. Ban da haka, mafi munin baki da na gani a Facebook na masu digiri ne.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce shawarar wata yayarmu da ke aure a Maraɗi. Ta ce, "Ƙanina, me ya kai ka nesa? Mutunta juna mana." Ta ce su ma tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka kifar da Bazoum, zaurukansu suka rabu biyu, kuma abin da manya ke roƙo ke nan. Na kusa miƙa wuya, domin mutunci ba ya da sama ba ya da ƙasa, kowa na da nasa. Abin da ya hana ni shi ne "juna". Juna sai da mutum biyu. Da zarar ɗaya ya yi zagi, ɗayan zai ce ai shi ya fara, yarjejeniya ta warware. Abin da Turawan ke nufi kuwa hali ne da mutum ke riƙewa ko da abokin gardamarsa ya saki nasa. Yaya, ki gafarce ni, taki ta zo ta biyu.

Akwai kuma gadon Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP a zaɓen 1979, siyasa ba da gaba ba. Take ne mai daɗi, har yau ana ambatonsa. Amma shi zancen zuciya yake yi, ni kuwa zancen harshe nake. Mutum na iya riƙe ɗaci a ransa, harshensa ya tsaya a kan iyaka. Mun ga haka da rasuwar Muhammadu Buhari a Landan ran 13 ga Yuli 2025. Kafin a kai shi makwancinsa a Daura, gardamar yafiya ta cika wayoyi. Wasu suka yi addu'a, wasu suka yi zagin da ba ya maimaituwa. Amma akwai kashi na uku, su na fi riƙewa a rai: waɗanda suka lissafa abin da ya same su a shekara takwas na mulkinsa, 'yan uwan da aka sace a hanya, gonakin da aka bari, suka ce suna da hakki kuma Allah ne mai hisabi, ba tare da ashar ko ɗaya ba. Ba za ka ce ba su da gaba ba. Ba kuma ladabi ko kara suka yi ba. Da na nemi abin da zan kira shi, bakina da kansa ya ce: sun yi dattako.

To ga ta nan. Dattako, ko dattaku a wasu bakunan.

Na san za a ce ai na tsofaffi ne. A'a. Furfura daban, dattako daban. Sau nawa muka ji an ce wane yaro ne amma dattijo ne, ko wance ƙaramar yarinya amma dattijuwar arziki? Muna kuma cewa babba ya zubar da dattakonsa, ko sarki ne ko gwamna, abin da ladabi bai ba mu damar faɗi ba. Kalmar tana hawa tana gangarowa. Sannan tana ɗauke da gaskiya a cikinta, domin ba a kiran maƙaryaci dattijo, ba a kuma kiran wanda ya ga ɓarna ya yi gum. Dattijo ne ke cewa gyara kayanka, kowa kuma ya san bai zama sauke mu raba ba. Nan ta rufe wata ƙofa da ladabi ya bari a buɗe: sojan baka a rediyo, ko yaron da ake sa wa data ya kare maigida, yana iya shirya ƙarya cikin lafazi mai taushi, a ce ya yi ladabi. Ba mai cewa ya yi dattako.

Kada kuma a ɗauka dattako ya hana barkwanci. Mutanen da Bakano ke tsokanar Bazazzagi, Bafulatani ke tsokanar Babarbare, ba za su yi siyasa ba habaici da gugar zana ba. Iyakar ita ce wadda Kawu ya shata: ka taɓa aiki da magana da alkawarin da aka saɓa, ka bar uwa da asali da halitta.

Na gwada ta a jimla, ta zauna. An yi muhawara cikin dattako. Wannan sharhin ba dattako a cikinsa. Ya yi suka mai zafi amma ta dattako. Kishiyarta kuma rashin dattako, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba.

Ƙa'ida ta huɗu yanzu ga yadda na rubuta ta: "A soki kowane shugaba da kowace jam'iyya, amma cikin dattako. Ban da ashar, ban da ƙage, ban da taɓa iyaye." Ranar Asabar zan miƙa wa masu kula da zaure. Kafin nan ina son jin mutanen Sakkwato da Damagaram da zangon Kumasi: a bakinku dattako na ɗaukar wannan ma'ana, ko ya tsaya ga masu furfura kaɗai? Yaya ta Maraɗi dai ta ce ba ta sauka daga kan tata ba.