Bin babban fayil layi-layi a Haskell: abin da aka tattauna a Kumasi

Wani ɗalibin jami'ar KNUST da ke Kumasi ne ya kawo matsalar gaban 'yan'uwa masu rubuta manhaja a Zangon Kumasi. Yana da fayil na cinikin momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya: layin kwanan wata, sai cinikin ranar a ƙasa. Ta yaya zai fitar da jimillar kowace rana, alhali Haskell, harshen rubuta manhajar da yake amfani da shi, ba ta barin a sauya ƙima bayan an ɗora ta?

Kusan kowa ya tsaya kan abu ɗaya: ka riƙe halin da ake ciki, wato ranar yanzu da sidin da aka tara, cikin ƙima guda. Aikin da za ka rubuta (function) ya karɓi wannan hali da layi ɗaya, ya mayar da sabon hali; idan layin na sabon kwanan wata ne, sai ya fitar da jimillar ranar da ta wuce. Aikin Haskell da zai maimaita maka wannan a kan layukan ɗaya bayan ɗaya kuwa, ya zama foldl' mai alamar ' a ƙarshe, ba foldl ba, domin foldl tana jibge lissafin da ba a yi ba kamar bashin kanti har ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika. Wani ya ƙara cewa foldl' ɗin ma saman ƙima kawai take tilasta a lissafa, ba abin da ke cikinta ba, don haka a sa alamar ! a kowane fili na halin don a lissafa shi nan take.

An yi gardama kan readFile, aikin Haskell na karanta fayil, wadda ba ta karatu sai an buƙata. Masu amfani da conduit, wani kayan aiki na Haskell mai karanta fayil kaɗan-kaɗan, suka ce hanyarsu ta fi tabbatar da rufe fayil, kuma ina ganin da gaskiyarsu.

Ranar ƙarshe kuwa, babu layin kwanan wata a bayanta da zai sa a fitar da jimillarta. Sai ka fitar da ita da kanka idan fayil ya ƙare.