Neman kalma: me za mu kira lokacin da ɗan wasa ke shirin jefa ƙwallo a kwando?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Ranar Asabar da yamma ni na riƙe usur a wasan ƙwallon kwando na yara a wani fili da ke nan Jos, ga sanyi, ga iska, agogonmu kuma wayar hannu ce da wani yaro ya riƙe a gefe. Wani dogon yaro ya kutsa ƙarƙashin kwando, ya tattara ƙwallo a hannu biyu, ya ɗaga ƙafa, abokin karawarsa ya doke shi a gwiwar hannu. Na busa. Bayan busar sai ya ƙarasa, ƙwallo ta daki allo ta faɗa raga. Na ce ta ci, kuma yana da ƙarin jifa ɗaya.

Nan fa gardama ta tashi. Mahaifin wanda ya yi ketar ya taso daga kan benci yana cewa, "Malam, ai ka riga ka busa kafin ya jefa!" Gaskiyarsa, na riga na busa. Na buɗe baki zan yi masa bayani da Hausa, sai na ji babu kalmar. Littafin dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, yana kiran abin "act of shooting", ni kuwa na tsaya ina ta kwatance da hannu kamar kurma.

Ga abin da dokar ke nufi. Abin yana farawa tun ƙwallo tana hannu, daga lokacin da ɗan wasa ya soma motsin da ke kai shi ga jefawa. Bai ƙarewa sai ƙwallo ta bar hannunsa, in kuma tsalle ya yi, sai ƙafafunsa biyu sun dawo ƙasa. Duk wanda ya yi masa keta a tsakanin nan, ya yi wa mai jifa ne. In ta shiga, an ƙirga, a ƙara masa ɗaya. In ba ta shiga ba, a ba shi biyu, ko uku idan daga bayan layin mita 6.75 ya tashi.

Masu sharhin ƙwallon ƙafa sun gama mana aiki tuntuni: satar gida, bugun kusurwa, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙwallon kwando ce marainiya, alhali D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, sun ɗauki kofin Afirka a 2015.

Da na tambaya jiya, amsar farko ita ce "harbi". Na ƙi ta nan take. Fassarar baki-da-baki ce, kuma ba na son in tsaya a tsakiyar fili a garin nan ina ihun an yi harbi. Wani ya ce a bar shi a "jifa" kawai. Wannan ita ce kalmar da ta jawo mini rigimar Asabar, don a kunnen Bahaushe babu jifa sai abu ya bar hannu.

Wata ƙanwata da ta buga wa makarantarsu ta kawo "niyyar jifa". Na ce mata, ƙanwata, niyya a zuci take, alƙalin wasa kuma ba ya ganin zuciya, gwiwa da kafaɗa yake kallo.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta wani dattijo, tsohon malamin makaranta: "haramar jifa". Ya ce abu ne mai mafari da maƙura, kamar yadda ake shiga salla da harama a fita da sallama. Na daɗe ina juya ta, don ta yi daɗin faɗi. Amma Baba, a yi mini afuwa, in aka ce mutum yana haramar tafiya, ai bai tafi ba, takalmi yake nema. Yaron da ke dunƙule ƙwallo a tsakiyar fili ma zai ce harama yake yi, a ba shi jifa biyu. Wani kuma ya ce a bar kalmomin ibada a inda suke, na ga hujjarsa.

Ni dai inda na karkata shi ne "yunƙurin jifa". Yunƙuri jiki ne ke yin sa, ido na ganin sa. Wanda ya yunƙura ya riga ya motsa, bai kuma gama ba. Da ina da ita ranar Asabar, da na ce wa mutumin nan: Alhaji, ketar ta same shi a cikin yunƙuri, bai sake sabon yunƙuri ba bayan usur, shi ya sa ta ci.

Sai mu bar "jifa" ga ƙwallon da ta riga ta tashi, don can ma akwai dokarsa. Ƙararrawar ƙarewar lokaci ba ruwanta da yunƙuri, yatsu take kallo. In ta kaɗa ƙwallo na iska, ta shiga, an ƙirga. In ta kaɗa tana manne da yatsa, an yi asara. Haka agogon daƙiƙa 24 yake, wato wa'adin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo. Har ma akwai iyaka: in abin da ya rage bai kai kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa ba, ba a yarda mutum ya cafe ya jefa ba, sai dai ya doke ta ko ya dankara. Asalin wannan dokar shi ne wasan New York da Chicago a Amurka a 1990, da Trent Tucker na New York ya ci da kashi 1 cikin 10 kacal a agogo.

Saura guda ɗaya da ta gagare ni. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to dokar ta hana a taɓa ƙwallo in ta fara gangarowa tana sama da zoben kwando. Na rubuta "tare jifa", na goge, don tarewar halal ma tarewa ce. Yanzu "satar kwando" ce a takardata, da fensir. Masu alƙalanci a Kano da Zariya, me kuke ce mata a filayenku?