Don Allah me za mu kira "cliffhanger" da Hausa? Ina da shiri gobe

Yar Rediyo: Salamu alaikum jama'ar gida. Taimako nake nema cikin gaggawa, gobe ƙarfe 4 na yamma ina da shiri kai tsaye kan finafinai masu dogon zango, kuma maganar da za mu yi ita ce halin da masu kallo ke shiga idan aka yanke kashi daidai inda rai ya ɗauko. Bature na ce wa abin cliffhanger. Na gama rubuta komai wannan kalmar ce kawai ta maƙale min, sau 7 ta fito a takardata kuma shugaban sashenmu ya ce ba ya son jin turanci a bakina ko guda. Abin da ya jawo shirin ma a gidanmu ya faru. Muna falo ni da Umma da ƙannena muna kallon wani shiri da ba zan kama suna ba kar in ɓata wa waɗanda ba su gani ba, yarinyar nan da aka ɗauki zango guda cur ana gana mata azaba a hannun kishiyar uwa ta samu takardar da za ta nuna waye ubanta, ta buɗe ambulan hannunta na rawa, kyamara ta matso fuskarta hawaye ya gangaro, ta buɗe baki ta ce "ashe..." sai kawai kiɗa ya tashi sunaye suka fara hawa. Wallahi Umma ta miƙe tsaye ta ce Allah ya isa da ƙarfi kamar wadda aka cinye wa kuɗin adashe, tuwonta ya huce a gabanta ba ta taɓa ba. Ni kuma har ƙarfe 2 idona biyu. To wannan yankewar nake nema wa suna.

Maman Ƴan Biyu: Wa alaikissalam. Jan rai mana. Ai shi muke cewa kullum, mutanen nan sun iya jan rai. Kuma na san shirin da kike nufi, ni ban ma jira ƙarshen ba na fara kuka, maigidan yana ta min dariya wai ana biyansu kuɗi ke kina asarar hawaye kyauta.

Dan Fagge: dandani haukaci kawai

Yar Rediyo: Anti na yi tunanin jan rai, matsalar ita ce yana da faɗi. Tun daga farkon kashi har ƙarshe ana iya jan rai, budurwa ma tana ja wa saurayi rai. Ni wannan gaɓar ta ƙarshe nake so, inda aka datse. Ɗanɗani haukaci kuma ya fi kama da tallar da ake sakewa kafin fim ya fito.

Maman Ƴan Biyu: Wannan ai somin taɓi ne sunansa.

Baban Khalifa: Katse-daɗi. Ƙirar dafa-duka da hana-salla ce, aikatau da suna, ba wanda zai ji ta ya ce baƙuwa ce. "Kashi na 9 ya ƙare da katse-daɗi." Ya zauna a baki.

Maman Ƴan Biyu: Wane daɗi Baban Khalifa, mutum na kuka da majina? Lokacin da aka yanke mana ana shirin ɗaukar gawa ba a nuna ta waye ba, daɗi aka katse? Gara ma hana-barci in dai wannan ƙirar za a bi.

Baban Khalifa: Hajiya in ba daɗi me ya zaunar da ke? Hana-barci kuma sauro ma na yi, bashi ma na yi.

Malamin Adabi: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka kawo, kuma da neman afuwa, duk kame-kame ne. Kalmar turancin asalinta mutum ne da ke reto a bakin tsauni, bai faɗa ba bai hau ba. Mu kuma muna da aikatau rataya, muna da ɗafin -au da ke gina suna, kamar gagarau da mantau da jimrau. Saboda haka kalmar ita ce RATAYAU. Guda ɗaya tilo, ba karan ɗori, ba jimla. Na daɗe da ƙirƙirarta, ɗalibaina sun san ta. Sannan malam na Fagge, don Allah a riƙa sa lanƙwasa, ɗanɗani ake rubutawa. Da haka ne za ka rubuta fim ya ƙare mutane su karanta kare.

Dan Fagge: Allah gafarta malam wayata ce bata da su. amma ratayau din nan wallahi kamar sunan cuta, kanin sankarau. ace an kwantar da shi asibiti ratayau ya kama shi

Maman Ƴan Biyu: Innalillahi Ɗan Fagge ka sa na ƙware da shayi

Yar Rediyo: Malam na gode sosai, amma ina tsoron in na ce ratayau a iska mai sauraro a kasuwa zai ɗauka labarin wanda aka yanke wa hukuncin kisa nake yi. Rataya a kunnen mutanenmu nan take fara zuwa. Kuma gagarau da mantau ai mutum suke siffantawa, mai gagara da mai mantuwa, to ratayau wa ke nan, daraktan ko mu?

Malamin Adabi: Tambaya mai kyau, amsar ita ce gaɓar ce ke rataye mai kallo, don haka ita ce ratayau. Sanƙarau ɗin da yake wa dariya ma ai hujjata ce, cuta ce ba mutum ba kuma ta ɗauki ɗafin. Matsalarmu ke nan, duk kalmar da ɗan gida ya gina sai a yi mata dariya, amma yaro ya ce sizin wan efisod ten ba mai tari. Muna da zango muna da kashi. An kafa Hukumar Hausa tun 1955 don irin wannan aikin, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006, amma yau a shafukan sada zumunta ake yanke wa harshe hukunci da dariya. Ku ƴan rediyo ku ne da laifi mafi girma, don abin da kuka faɗa shi ke zama.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Malam ka ce Hukumar Hausa ka ce Bayero, duk Najeriya. Mu nan Zinder da Maraɗi muna kallon finafinan nan daidai da ku, matanmu na kuka daidai da naku, amma in za a raɗa wa abu suna ba a tambayarmu. Ni a gidanmu in aka yanke haka tsohuwata cewa take sun bar mu tsaye. Kuma ku ne kuka cika Hausa da ingilishi sannan ku yi mana dariya in mun ce lakkwal ko montur.

Dan Fagge: to ai Hausar Kano ce daidaitacciya yallabai, mu muke fim din ma

Ɗan Damagaram: Daidaitacciya a takarda. Je ka Katsina ko Sakkwato ka faɗi haka ka ga.

Basakkwace: Hausa tana Sakkwato, Kano kasuwa ta ɗauka. Ku da kuke cewa mota ne, riga ne, kun kashe "ce" da rai sannan ku zo kuna koya muna daidaito.

Baban Khalifa: Jama'a baiwar Allah nan shiri gare ta gobe fa

Malamin Adabi: Ban gama ba. Masu cewa ƙirƙira ba ta karɓuwa, yanar gizo fa? Ba ɗan gida ya gina ta ba? Yau har tsofaffi na faɗi.

Baban Khalifa: Na'ura mai ƙwaƙwalwa fa Malam? Kai kanka yaushe rabonka da faɗinta in ba a aji ba? Kowa kwamfuta yake cewa. Wayar tafi-da-gidanka ma ta koma waya kawai. Wata ta kama wata ta mutu, kuma ba mai ƙirƙirar ke zaɓa ba. Yanar gizo ta rayu ne don mutum na ji zai ga hoton abin a ransa, ratayau kuwa hoton igiya take kawowa.

Hajiya Mai Lalle: Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ku bar ni in sa baki. Kuna ta magana kamar abin nan baƙo ne da ya zo da Arewa24 a 2014 ko da YouTube. Mu da muka yi zamanin littattafan soyayya na kasuwar Kano mun sha shi tun kafin a haifi wasunku. Ki je wajen mai haya ki biya ki karɓo littafi na ɗaya, ki ɓoye shi cikin littafin makaranta, ki kai shafin ƙarshe amarya ta ɗaga kofin da aka sa wa guba ta kai baki, sai ki ga an rubuta mu haɗu a littafi na biyu. Ki koma da gudu ya ce na biyu yana hannun wata sai jibi. Na taɓa takawa da ƙafa daga unguwarmu har wata unguwa da la'asar sakaliya don in karɓo na biyu wurin wata da ban ma sani ba, na dawo aka zane ni. Kuma abin da muke cewa lokacin shi ne marubuciyar nan ta ja mana rai. Ba mu taɓa rasa abin faɗi ba.

Malamin Adabi: Hajiya ta yi gaskiya ta wani ɓangare, dabarar tsohuwa ce. Dare Dubu da Ɗaya gaba ɗayansa a kanta aka gina shi, asuba na yi mai ba da labari ta yi shiru sarki ya ɗaga mata ƙafa zuwa gobe don ya ji ƙarshe. Amma a nazari ana bukatar keɓaɓɓiyar kalma, jan rai muna amfani da ita ga salon riƙe mai karatu baki ɗaya. In an ba wa uwa da ɗa suna ɗaya ya za a kira su?

Hajiya Mai Lalle: Sai a ce ƙarami da babba Malam, kamar yadda ake yi a kowane gida.

Maman Ƴan Biyu: To ga shawara, a haɗa. Yankan jan rai. Ko rufin jan rai, tunda a rufe kashi ake yi.

Yar Rediyo: Yankan jan rai... na gwada da baki yanzu sau uku ƙanwata na kallona kamar na zare. "Kashin jiya ya zo da yankan jan rai." "Sun yi mana yankan jan rai." Yana tafiya fa. Jam'i ne zai ba ni wahala amma zan kauce masa.

Baban Khalifa: Ya yi tsawo, katse-daɗi ya fi shi sauƙi, amma ba zan ja ba.

Ɗan Damagaram: Za a gane shi a nan. Ki dai gaida masu saurare na ƙetaren iyaka in kin buɗe shirin, muna kama ku.

Malamin Adabi: Wannan bayani ne ba kalma ba. Amma tunda lokaci ya ƙure, a yi amfani da shi na wucin gadi. Sharaɗina ɗaya, ki ambata cewa masana na da kalmar ratayau.

Dan Fagge: masana su nawa malam

Yar Rediyo: Na dawo, an yi shiri lafiya alhamdulillah, na gode muku duka. Na ce yankan jan rai sau 5, sau biyu na manta na ce jan rai kawai kuma ba wanda ya lura. Malam na cika alkawari na ambaci ratayau sau ɗaya, abokin gabatarwata ya kashe makirfonsa yana dariya har da riƙe ciki, yi haƙuri. Cikin waɗanda suka bugo waya mutum biyu sun maimaita yankan jan rai kamar dama can sun san ta, wata mata daga ƙauye kuma ta ce ita ba ruwanta da sunan, a gaya wa masu fim ɗin hawan jini gare ta su ji tsoron Allah su faɗi waye uban yarinyar. Shugaban sashenmu ya ce ba laifi amma shi da rufin jan rai ya fi so.

Malamin Adabi: Ki ba ni lambar abokin aikin naki.

Yar Rediyo: Malam a yi masa afuwa yaro ne. Af, mako mai zuwa kuma kan masu fallasa ƙarshen fim tun kafin mutum ya kalla za mu yi, su ma akwai kalmar turanci da ake kiransu da ita...

Dan Fagge: wannan ai yan bakin ciki sunansu, ba sai an tada malam ba