Motar lantarki: a tsaya kashi 80 ko a cika ta?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu motar lantarki a taimaka mani da shawara, Hyundai Kona na sawo daga Legas, wanda ya saida mani yace kar in riƙa cika batirin, wai in tsaya 80. To mu da wuta sai ta ga dama take zuwa ai gani nike in ta zo a cika kawai

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Alhaji, gaskiya ya gaya maka. Batirin Kona irin mai nikel da kobal ne, abinda ya fi tsufar da shi shine a cika shi taf a barshi zaune cikin zafi, kuma ka san garin nan watan Afrilu muna haura digiri 40. Ka shiga saitin EV, wato na batiri da caji, a allon motar akwai wurin sa iyakar caji, na gida daban na mai sauri daban, ka aje su kan 80 da kanta zata tsaya ko barci kake

Maman Ilham: Injiniya mu ta maigida BYD ce, mu ma haka zamu yi?

Injiniya Ƙofar Ƙaura: A'a Hajiya, in batirin su na Blade ne to LFP ne, wato irin wanda ba nikel ba kobal a ciki, shi bai cika damuwa da cikawa ba, so ma ake a riƙa cika shi lokaci lokaci don motar ta san ainihin abinda ya rage, in ba haka ba sai ta nuna maki 20 alhali bai kai ba. Tesla ma masu irin batirin cewa sukai aƙalla sau ɗaya a sati

Ɗan Daura: Mu masu Nissan Leaf tokumbo mun fi kowa wahala, tawa ba ta da saitin nan sam, taima nike sawa in ƙiyasta awannin. Kuma batirinta ba ruwan sanyaya shi, don haka inuwa dole, ko rumfar kwano ce

Kawu Sale: Ni fa 90 nike sawa, unguwarmu sai a kwana biyu ba wuta, ba zan zauna ina lallashin batiri ba mota ta mace mani a Jibia

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Ba laifi Kawu, 90 ɗin ta fi 100 nesa ba kusa ba, kuma barinshi ya sauka sifili shima illa ce

Baban Khalifa: To ranar da zan je Kano fa?

Ɗan Daura: Ranar ka cika abinka Alhaji, daga Katsina kusan kilomita 170 ne ga esi na ci. Ka dai saita ta gama wajen asuba ka tashi, kar ta wuni a cike. Kuma da farko zaka ji in ka ɗaga ƙafa ba ta riƙe kanta kamar kullum, batirin ne ba wurin karɓar cajin da motar ke maida mai in tana rage gudu, ka taka birki da kanka

Maman Ilham: Bari in turawa maigida, tun da aka sawo ta 80 yake tsaida ta