Don Allah a ba ni shawara a kan Hajiyarmu da zoɓo

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu shekara 6 ke nan tana fama da ciwon suga. A Tudun Wada take, ni ina Kawo, kullum sai na hau Keke na je dubo ta, yayyena maza kuwa sai dai waya. Matar yayana ta dawo daga Umara da busasshen furen babunaj (chamomile, wanda ake shayi da shi) muna ba Hajiya, ni kuma na sayo zoɓo a Kasuwar Barci ina dafa mata ba suga, safe da dare. Jiya da asuba na tarar da ita tana rawar jiki, zufa ta jiƙa mata kallabi. Na gwada sugan jininta, 64. Hankalina ya tashi. Zoɓon ne?

Abu Sadik: Alhamdulillahi, ai aiki yake yi! Wannan jan launin na zoɓo sinadarin antosayanin ne, yana rage saurin rikiɗewar tuwo zuwa suga a hanji. Ki ƙara mata kirfa, ki rage ƙwayoyin asibiti.

Anti Nas: A'a Malam, kada ta taɓa magani ba da sanin likita ba. Duk abin da ya gaza 70 suga ya faɗi ne, yana iya sumar da mutum. Zoɓo an fi saninsa da sauke hawan jini, tasirinsa a kan suga kaɗan ne. Wace ƙwaya take sha? Metformin shi kaɗai da wuya ya yi haka, amma glibenclamide yana yi, musamman in ba ta ci abincin dare ba. In ya sake faruwa ki ba ta suga ƙaramin cokali uku a ruwa, ki sake gwadawa bayan minti 15.

Maman Biyu: Ke dai kin yi sa'a tana sha. Surukata ko na dafa sai ta aika a sayo mata na ƙulli mai zaƙi, a ce ni ce ba na kula.

Abu Sadik: Ni shekara 3 ina sha, ban ga komai ba.

Maman Ikram: Anti, ni fa ba da ka nake yi ba, ko abarba ba na sawa. Kuma ganin likitanta sai wata mai zuwa.

Anti Nas: Ƙanwata, sunan ƙwayar na tambaye ki. Kuma kada ki jira wata, ki kai ta gobe.

Maman Ikram: Ledar maganin tana wajenta. To babunaj ɗin fa, shi ma in daina?